Zan sayar da injinan yankan ciyawa na tarakta: in gyara tukuna ko in sayar a yadda suke?

Makiyayin Mirya:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙungiyarmu ta wakilta ni in sayar da injina biyu da ake ɗaura wa tarakta. Na farko mai ganga biyu ne, faɗin yankansa mita 1.65, kowace ganga da wuƙa uku. Na biyu jirobiroyar ne, wato injin da ke niƙe ciyawa, na mita 1.5, mai wuƙa biyu a ƙasa. Da tarakta Massey Ferguson 375 aka yi aiki da su, kuma damina biyu ke nan suna ajiye a fili. Jirobiroyar ɗin yana ɗigar da mai a ƙasan akwatin giya, mai gangar kuma yana karkarwa in an ba shi wuta. Wani dillali a Damagaram ya ce a fesa musu fenti kawai a kai kasuwa. Shin in kashe kuɗin gyara ko in sayar haka? Wane lokaci ya fi, kuma su wa ke neman irin wannan kaya?

Bakaniken Zango:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar maganar fenti tukuna. Duk wanda ya san injin, in ya ga sabon fenti a kan tsohon ƙarfe, walda ko tsagewa zai fara nema a ƙarƙashinsa. Kuɗin waɗannan injina yana cikin akwatin giya da kardan, wato sandar da ke kawo juyi daga tarakta zuwa injin, sauran duk ƙarfe ne da maƙeri zai iya.

Fara da man giya. Ka kwance makullin ƙasa ka tari man a farin kwano. In ya fito kamar madara, ruwan sama ya shiga, wanda ba abin mamaki ba ne ga injin da ya yi damina biyu a fili. Wannan mai sauƙi ne: a wanke da gazuwal, a zuba sabon mai lamba 90 har bakin ramin gwaji, kada a wuce. Amma in ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, haƙoran giya ko rulma, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sanda ke juyawa a cikinsa, sun fara ci, kuma nan ne farashi ke faɗuwa.

Ɗigar da ka ce, sau da yawa abu biyu ke kawo ta. Ko dai igiya, waya ko leda ta naɗe a sandar da ke juya wuƙaƙe har ta yanke robar da ke riƙe mai, ko kuma ƙura ta toshe ƴar hudar shan iska da ke saman akwatin, sai man ya yi zafi ya rasa mafita ya tura robar. Ka buɗe hudar, ka sauya robar. Kafin ka mayar, kama sandar ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, rulma ce ta tafi, kuma sabuwar roba ba za ta yi sati ba.

Karkarwar mai ganga kuwa, duba wuƙaƙe kafin komai. Gangar tana juyawa kusan sau 2000 a minti, saboda haka wuƙa ɗaya da ta ɓalle baki ko ta fi ƴan'uwanta sauƙi ta isa ta girgiza injin duka. A sauya duka shida lokaci ɗaya, iri ɗaya, nauyi ɗaya. Sannan a duba cikin gangar da farantin da ke jan ƙasa, domin rairayi da busasshen laka suna taruwa gefe guda. In an share, an sa sababbin wuƙaƙe, karkarwa ba ta daina ba, to ganga ta lanƙwashe ko rulmarta ta lalace. Kurwa ma, wato bel ɗin roba da ke juya gangunan, in ta tsattsage don rana, a sauya su gaba ɗaya. Sabuwa ɗaya cikin tsofaffi ita kaɗai za ta ɗauki nauyin ta tsinke.

Ra'ayina: roba, mai, wuƙaƙe, kurwa da giris, waɗannan ka gyara, kuɗinsu kaɗan ne kuma za su dawo. Haƙoran giya kada ka saya don ka sayar.

Mai Kayan Noma, Sabon Gari:

Na yarda da oga bakanike, sai dai ya taƙaita maganar kardan, kuma a nan ne ciniki ya fi lalacewa. Mai saye zai so ya san ko zai shiga taraktarsa. Ka gaya masa a fili cewa injinan na juyi 540 a minti ne, bakin kardan mai haƙora shida, sannan ka auna kaurin fil ɗin wurare ukun da ake maƙala injin a bayan tarakta, domin ƙananan tarakta da manya ba girma ɗaya suke ba. Bututun kardan biyu su riƙa zamewa cikin juna ba tare da guduma ba, kuma ko an ja shi iyaka, kashi ɗaya cikin uku ya rage a ciki. In an taɓa yanke shi don ya dace da taraktarku, ka faɗa, tunda yana iya yi wa wata gajarta.

Akwai abin da masu saye na gaske suke dubawa da farko: kusar tsaro. An yi ta ne da ƙarfe mai taushi don ta karye in wuƙa ta bugi kututture ko dutse. Direbobi da yawa in ta dame su da karyewa sai su cusa ƙarfen gini ko wata kusa mai tauri. Daga nan duk bugu akwatin giya ne ke shan sa. In abin da ke kan naku ke nan, ka cire ka sa ta gaskiya, amma ka sani wanda ya ƙware zai ga ramin ya faɗaɗa. In kuma maimakon kusa faranti mai sifirin ne, wanda ke zamewa in wuƙa ta bugi abu, to bayan damina biyu tsatsa ta manne shi. A auna tsawon sifirin, a sassauta, a ba shi wuta ya zame na ƴan daƙiƙoƙi, a mayar daidai yadda aka auna. Kuma don Allah kada ka sayar da kardan tsirara babu murfin roba. Babbar riga da rawani ba sa tsira a wurin nan.

Maganar farashi, ka tambayi kuɗin sabo irinsa a yau, har da dako da duwan, wato kuɗin kwastan, daga nan za ka sauko. Mai lafiya da aka gwada a gaban mai saye zai iya kama rabin kuɗin sabo ko sama. Wanda giyarsa ta ci, gara ka raba shi: kardan daban, akwati daban, ƙarfen jiki a kan sikeli.

Hajiya Mai Kiwo:

Malam, kada ka haɗa su ciniki ɗaya, masu neman su daban ne. Mai ganga shi ne na masu tara ciyawa, domin yana yanka ta ya kwantar a jere, a shanya, a ɗaure. Jirobiroyar kuwa niƙe ta yake yi, ba abin da za ka kwasa, kuma a ƙasarmu ba wanda zai so a niƙe masa karan hatsi a gona alhali abincin dabba ne. Shi masu lambuna da masu share garmani za ka nema, da masu aikin buɗe hanyoyin kare gobarar daji wajen Tanut da Gure.

Lokaci kuma, mai ganga ka fito da shi tun watan Agusta. Ciyawa mai amfani ita ce wadda aka yanka a Satumba tana da sauran kore, kafin ta zubar da iri ta zama kara. Wanda ya sayi harawa da tsada a Afrilu da Mayu yana tuna zafin abin, shi ne zai biya. In ka bari sai Nuwamba, kowa zai ce maka sai baɗi, ya taya da arha. Ka kuma gaya wa mai saye cewa injin yana son fili mai laushi marar kututture. A tudun rairayi wuƙa tana cinyewa da wuri, faranti ma haka.

Makiyayin Mirya:

Allah ya saka da alheri. An tari man jirobiroyar ɗin, fari ne amma ba garin ƙarfe. Sai dai mun ga tsohuwar walda a wuyan da ake maƙala shi sama. In ɓoye ko in nuna?

Bakaniken Zango:

Ka nuna, Malam. Ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma mai saye yana da ikon dawo maka da shi in ya gano. Wuyan nan shi ke ɗauke da nauyin injin in an ɗaga shi a kan hanya, saboda haka a kankare waldar a duba ko tsagewar ta ci gaba, a ƙara faranti mai kauri a bar shi ba fenti.

Ranar ciniki ka ɗaura shi a tarakta, mutane su ja baya nesa domin yana harba tsakuwa. A ba shi wuta a hankali har allurar agogon tarakta ta kai alamar 540, ya yi minti ashirin yana yanka, sannan a kashe, mai saye ya taɓa akwatin da hannunsa. Ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya tsayawa akwai matsala. Tunda kayan ƙungiya ne, ku rubuta takarda da lambar injin, aibin da aka faɗa da sa hannun shaidu biyu, ku haɗa da takardar duwan in tana nan, kuma a yanke la'adar dillali kafin ya kawo kowa.