Abin da iyaye suka tattauna a Birni kan cin zalin yara a waya

Ranar Asabar iyaye da malamai muka zauna a wata lakwal a Birni, nan Damagaram. Wata uwa ta ce 'yarta ta daina cin tuwon dare, tana kifa waya duk sanda wayar ta yi ƙara. Ashe hotonta 'yan ajinsu ke yawo da shi a WhatsApp, ana mata dariya.

Shawarar da ta fi ratsa ni: kada a ƙwace wayar. Yaron da ya san za a ƙwace, shiru zai yi. A saurare shi tukuna, a ɗauki hoton saƙonnin kafin a toshe lambar, a kai wa malamin aji. In abin ya kai barazana, a je wurin 'yan sanda, tun 2019 Nijar ke da dokar laifukan intanet.