Bakin tankin Hilux bayan an sauke bodi: ina ya kamata a mayar da shi?

Manomi daga Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar makanikai da masu walda da duk wanda ya taɓa yin irin wannan aikin.

Ina da Hilux Vigo mai ƙofa biyu, injin fetur 2.7. Gonata tana can wajen Baure, hanyar rairayi ce zalla, da damina kuma sai kwazazzabai. Bodin baya na kamfani ya gama cinyewa da ɗaukar taki da buhunan gero, sai na sa aka sauke shi, mai walda ya yi mini shimfiɗaɗɗen bodin ƙarfe mai makarai a gefe. An ƙara wa sifirin ganye, an sa manyan tayoyi. Motar tana aiki yadda nake so, babu ƙorafi.

Matsalar bakin tanki ce. A jikin tsohon bodin yake ta hagu, da aka sauke bodin sai bututun ya rasa abin kamawa. Yanzu da waya aka ɗaure shi a ƙarƙashin sabon bodin, ya kwanta kusan a miƙe. In na je gidan mai famfo sai ya yi ta katsewa, mai yana dawowa yana zuba a kan taya, yaron sai ya riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, na baya suna ta danna hon. Abin da ya fi damuna shi ne warin fetur da nake ji da asuba in na fito, domin a cikin gida motar take kwana, kuma ɗakin yara yana kusa da wurin.

Mai waldan ya kawo hanya uku. Ko a huda daɓen bodin a sa murfin a ƙasa daidai saitin tanki, ko a ja bututu zuwa baya kusa da bamba, ko a ɗaga shi sama a jikin ƙarfen bodin da ke tsaye a bayan kan mota, wato wurin zaman direba. Ya ce yana da tiyon lagireto na babbar mota da zai yi ƙari da shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanne ne ba shi da haɗari?

Tsohon bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai, daga yau ka daina kwanar da motar nan a cikin gida sai an gama gyara. Warin da kake ji tururin fetur ne, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru. Murhu ɗaya ko janareto ya isa.

Tiyon lagireto kuwa ka ce masa a'a. Don ruwan zafi aka yi robarsa, ba don mai ba. Fetur yana sa shi ya kumbura ya yi laushi, cikinsa ya riƙa ɓarewa yana faɗawa tanki, daga nan ya toshe maka fuel famfo mai tura mai zuwa inji, ƙarshe ya tsage. Ka nemi tiyon da aka yi don bakin tanki, za ka ga an buga rubutun mai a jikinsa, sau da yawa da lambar SAE J30. In ba ka samu a Katsina ba, aika Ƙofar Ruwa a Kano.

A cikin ukun nan, na bayan kan mota ya fi, amma da sharuɗɗa.

Abin da yake sa famfo katsewa abu biyu ne, rashin gangara da rashin numfashi. Ka taɓa ɗura manja a kwalba da mazurari ka toshe bakin? Ba ya shiga sai iska ta samu hanyar fita. To tanki ma haka yake. Duba kusa da babban bututun, akwai wani siririn tiyo da ya taso daga saman tanki ya haɗu da bututun dab da murfi. Shi ne hanyar iska. Ina kyautata zaton da aka sauke bodin ya lanƙwashe ko ya yi lilo ƙasa, mai ya kwanta a cikinsa ya toshe shi. A sabon wurin dole su biyun su tashi sama tare, tun daga tanki har murfi, babu inda za su yi kwari. Lanƙwasar bututun ma kada ta yi tsanani, gara lanƙwasa biyu masu sauƙi da ɗaya mai kaifi.

Sai abin da masu walda suka fi mantawa. Tanki a jikin shasi yake rataye, bodi kuma a samansa aka ɗaure. In ka shiga kwazazzabo da kaya, shasi yana murɗawa, bodi ya yi nasa motsin daban. In aka yi bututun ƙarfe zalla daga tanki zuwa murfi, wata rana zai tsage ko ya fizge bakin tankin. Saboda haka dogon wurin a yi shi da ƙarfe, amma a bar guntun tiyo a kusa da tanki wanda zai riƙa sassautawa, a ɗaure kowane baki da kilif mai kyau, ba waya ba. Kuma a jikin bodin za a kafa bakin, kada a taɓa kan motar, shi ma motsinsa daban.

A yanko kan bututun kamfani, wato wurin da murfi yake ɗauruwa, a yi amfani da shi. Murfin asali yana da roba da bawul a ciki, wanda mai walda zai ƙera ba shi da su.

Ranar aiki a cire kan batir, a sauke tankin a kai shi nesa da injin walda da na yanka. Kada wani ya ce maka ai an zuƙe man. Tankin da babu mai sai tururi shi ne yake fashewa.

Direban Mai'aduwa:

Gaisuwa ga Baba. Ni dai a ganina abin bai kai haka ba. Motoci nawa ne a hanyar Kongolam da murfinsu yake a daɓen bodi? Bututun gajere ne, mai yana faɗawa kai tsaye, famfo ba ya katsewa, kuɗin aikin ma kaɗan ne. Na daɗe ina ganinsu, ban ga wadda ta kama wuta ba. Alhaji ya huda daɓe kawai ya huta.

Malamin koyar da gyaran mota, Katsina:

Ɗan'uwa direba, ka ƙara dubawa, mafi yawan waɗanda kake gani masu dizal ne. Ba ɗaya ba ne. Dizal sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin ya fitar da tururin da zai kama wuta. Fetur kuwa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitarwa, balle a zafin Afrilu na Daura. Murfi a daɓe yana nufin duk man da ya fantsama a cikin bodi zai tsaya, buhu ya sha, harawa ta sha, kuma mutanen da ake ɗauka a baya wani yana iya kunna taba. Ban da haka, in ka yi lodi a gona mai ya yi ƙasa, sai ka sauke buhuna kafin ka kai ga murfi. Ƙurar taki da ruwan sama ma a nan za su taru, su shiga tanki duk lokacin da aka buɗe.

Na bamba shi ne mafi muni. Bututun zai yi tsawo, zai bi ta saman taya inda duwatsu suke dukansa, ya kusanci salansa, kuma nan ne ake fara bugawa in aka daki mota ta baya. Wannan ba zato ba ne. A Amurka a shekarar 1978 kamfanin Ford ya janye motoci kusan miliyan ɗaya da rabi, Pinto da 'yar'uwarta Bobcat, saboda in aka buge su ta baya tanki yana hujewa, bututun zuba mai yana fizgewa. Cikin gyaran da aka yi musu har da sauya bututun da mai tsawo wanda ya ƙara nitsewa cikin tanki. Kamfani mai injiniyoyi ma ke nan, balle mai walda.

Abu biyu zan ƙara a kan na Baba. Na farko wayar at, wato wayar da take sauke lantarki zuwa shasi. Mai in yana gudu cikin bututu yana tara lantarki, kuma da hunturu, iska a bushe, abin ya fi yawa, shi ne wanda kake ji ya ɗan ja ka in ka taɓa ƙofar mota. Bakin ƙarfen da tiyo ya raba shi da tanki yana iya yin tartsatsi da kan famfo. A ɗaura masa waya zuwa shasi, a goge fenti a wurin ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Dalilin da ya sa ma ake cewa a sauke jarka ƙasa kafin a cika ta ke nan, kada a cika ta a kan bodi.

Na biyu, akwai wasu ƙananan tiyo a saman tankin ban da na numfashi, masu kai tururi gaba zuwa gwangwanin gawayi da yake tsotse shi, da bawul da yake rufewa in mota ta kife. Kada a yanke su, kada a toshe su da noti don a rage aiki. Mai hawa tudun rairayi shi ya fi kowa bukatar bawul ɗin nan.

Manomi daga Daura:

Allah ya saka muku da alheri. Na fitar da motar waje tun daren jiya. Na leƙa ƙasa da tocila, Baba ya yi gaskiya, siririn tiyon ya naɗe a kan ƙarfen bodi har ya yi fari a wurin lanƙwasar. Na yanke shawarar bayan kan mota. Abin da ya rage, mai waldan yana so murfin ya ɗan fito waje don yaron gidan mai da 'yan bumburutu su samu sauƙin sa mazurari, kuma ya ɗaga shi daidai gilashin baya. Ya yi?

Tsohon bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Bai yi ba, Alhaji. Murfin ya shige ciki, ƙarfen bodi ya fi shi fitowa, yadda ko reshen ƙaya ya goge ka ko motar ta kwanta a gefe, ƙarfe ne zai taɓa ƙasa ba murfi ba. A yi masa ɗan akwati mai buɗe ta waje, da huda a ƙasa yadda man da ya zuba zai sauka ƙasa ta hagu, nesa da salansa da wayoyi. A rufe shi ta ɓangaren kaya don kada buhu ya danne bututun.

Tsayi kuma kada a wuce misali. Daidai inda na kamfani yake ko sama da shi kaɗan ya isa. In ya kai gilashi, yaro ya cika maka har wuya, man da ya tsaya a bututu zai riƙa danna robar fuel famfo da ke saman tanki, ga shi kusa da tagar da kake buɗewa. Ka saba, famfo na katsewa a tsaya.

Kafin a ɗora bututun a toshe bakinsa ɗaya, a hura masa iska a nitsar da shi cikin ruwa, in ka ga kumfa a koma walda. Bayan an haɗa, ka zuba lita 10 ka duba, sannan ka cika ka yi tafiyar gona ɗaya da kaya, ka dawo ka sake matse kilif ɗin duka, domin sabon tiyo yana kwantawa. Ka turo mana hoton ƙarƙashin kafin a mayar da tankin in ga inda tiyon numfashin ya bi.