Firintata na fitar da rubutu dishi-dishi, don Allah a taimaka

MalamarIslamiyya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana kwamfuta ku kawo min ɗauki. Ina da firinta a gida irin mai tankin tawada a gefe ɗin nan, shekararta biyu a hannuna bata taɓa bani matsala ba, amma tun satin da ya wuce duk abinda na buga sai ya fito dishi-dishi, kowane harafi kamar yana da inuwa a gefensa. Na boko ma da sauƙi ana iya karantawa da ƙyar, amma na Larabci ya lalace gaba ɗaya, ɗigon ba da ta da sa duk sun haɗe, wasulla kuma sun cakuɗe, gashi jarabawar yara ran Asabar kuma tambayoyin aji huɗu ne a kaina. Nayi hed kilinin, wato wanke kan dake fesa tawada, har sau biyar babu canji sai tawadar da naga tana ta sauka a tanki. Wani ɗan uwa yace kan ne ya mutu sai an canza, kuɗin da ya faɗa min kuwa gara in ƙara in sayi sabuwa. Akwai dabara kafin in kai ta wajen gyara?

ƊanKafe:
Wa alaikumus salam Malama. Abu na farko ki dakata da hed kilinin ɗin nan haka, sau biyar yayi yawa. Duk lokacin da kikayi, tawada ake zuƙowa ta kan a zubar a wani soso dake ƙasan injin, in soson ya cika firintar zata tsaya cak tace sai an kaita sabis, kinga an ƙaro wata matsalar. Littafin Epson ma cewa yayi in kayi sau 3 ba canji ka barta awa 12 ba bugu sannan ka sake gwadawa.

Kiyi nozul cek tukunna, wato gwajin ramukan da tawada ke fitowa, yana nan wajen da kika samu kilinin ɗin. Zata fitar da layuka sirara na baƙi, shuɗi, ja-ja da rawaya. In akwai giɓi a layukan to toshewa ce. In sun fito cif to kan lafiyarsa ƙalau, a nemi laifin a wani wuri. Sannan tambaya, takardar da kike bugawa daga kwamfuta kika rubuta ko hoto aka turo miki ta WhatsApp? Don kullum sai an zo min shago da wannan, mutum ya ɗauki takarda hoto da waya ya turo, WhatsApp ya matse hoton, a waya kaga ras amma a A4 sai ya fashe, kuma yace injina ne.

MalamarIslamiyya:
Ni na rubuta da kaina a Word, ba hoto bane. Nayi nozul cek ɗin yanzu, layuka duk sun fito babu giɓi ko ɗaya. To kenan duk tawadar nan a banza na zubar 😭

AbuMaiFotokofi:
Hajiya ki duba takardarki. Yanzu damina ce, in rim ya kwana a buɗe ko an ajiye shi a ƙasa kan siminti yana shan laima, tawada na sauka sai ta bi jikin takardar ta baje kamar an ɗiga shuni a atamfa. Balle in mara kaurin nan ce mai gram 70. Ki buɗe sabon rim mai gram 80 ki gwada. Ni nawa a leda nake ƙulle su har sai Oktoba.

Kuma ki leƙa setin, kar ace wani yaro ya taɓa ya maida nau'in takarda zuwa ta hoto, don in tana tunanin takardar hoto ce tawada take zubawa da yawa.

InjiniyanLungu:
Malama sannu da ƙoƙari. Maganar Malam Abu gaskiya ce amma ni banjin ita ce taki ba, saboda kalmar da kikayi amfani da ita, inuwa. Takarda mai laima gefen harafi take sa ya yi gashi-gashi ta ko'ina, sama da ƙasa da gefe. Inuwa kuwa harafin ne ya fito sau biyu, ɗaya ya ɗan goce hagu ko dama, wannan ba tawada bace, injin ne ya rikice da inda kan yake.

Bari in miki bayani yadda zaki gane. In kin ɗaga murfi, bayan abin nan dake kai da komowa ɗauke da kan, akwai wata siririyar roba doguwa mai kamar fim, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana ce mata inkoda. In kin haska da tocila zakiga wasu ƙananan layuka a tsaye a jikinta, sun fi gashi siranta. Akwai wani ido a jikin kan da yake ƙirga layukan nan yana tafiya, da su yake sanin daidai inda zai fesa ɗigo. To firinta tana fesawa ne in kan zai tafi kuma tana fesawa in zai dawo, in ƙura ko maiƙo ko tawada ya rufe wasu layukan sai ƙirgen ya ɓace, na tafiya da na dawowa su kasa haɗuwa waje ɗaya, shine inuwar da kike gani. Yawanci abinda ke jawowa shine takarda ta maƙale mutum ya zura hannu ya finciko, hannun ya gogi ƙarfen da ke da giris sannan ya taɓa robar. Ko takarda ta maƙale miki kwanan nan? Kuma ki duba shafin da kyau, inuwar ko'ina take ko ta fi yawa a ɓangare ɗaya daga sama har ƙasa?

In ɓangare ɗaya ne to kusan na tabbata ita ce. Ki kashe, ki zare waya daga soket, ki samu kyalle mai laushi wanda baya zubar da zare ki ɗan jiƙa shi da ruwa, ɗan kaɗan fa ba sharkaf ba, ki riƙe robar tsakanin yatsu biyu ki goge a hankali. Kar ki ja da ƙarfi, ɗan sifirin ne ke riƙe da ita a ƙarshe kuma in ta zare mayarwa aiki ne. Kar ki sa fetur ko kananzir ko turare, suna iya cinye layukan. Inda kan ya rufe sai ki tura shi gefe a hankali in yana motsi, in ya kulle kar ki matsa masa. Ki bari ta bushe, ki kunna, sai kiyi alaimen, wato daidaita kan daga seti, zata buga wasu akwatuna masu lamba ki zaɓi wanda layinsa ya fi miƙewa.

In kuma lokaci ya ƙure miki, ki shiga setin bugu ki cire alamar dake kan bugun sauri, zata koma fesawa ta hanya ɗaya kawai, a hankali zata riƙa yi amma sau da yawa inuwar na raguwa sosai.

Shi kuma mai cewa kan ya mutu, ya tambaye ki nozul cek kafin ya faɗi kuɗi? Ƙananan HP DeskJet kan yana jikin katirij ɗin ne, wato ɗan akwatin tawadar, ka sayi sabo ka samu sabon kai, shi yasa mutane suka saba da cewa a canza. Masu tanki irin su Epson kan a jikin injin yake kuma shine mafi tsada a ciki, ba abin da ake canzawa da zato bane.

ƊanKafe:
Ƙarin abu ɗaya, ki riƙa kashe ta da madanninta ba daga soket ba, don kan ya koma mazauninsa ya rufe. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da an dawo ki kunna ta ko ba zaki buga komai ba, in ba haka ba a buɗe zai kwana ya bushe.

MalamarIslamiyya:
Injiniya Allah ya saka da alheri, wlh kamar kana gidan. Takarda ta maƙale ranar Talata waccan, babban ɗana ne ya ciro, ni har na manta. Na haska da waya naga wani baƙin tabo kamar shatin yatsa a ɓangaren dama, kuma dama can ne rubutun ya fi lalacewa. Na goge, hannuna na rawa don tsoron sifirin ɗin nan, nayi alaimen sau biyu don na farko ban gane lambar da zan zaɓa ba. Yanzu ɗigon Larabci duk sun rabu, shadda ma ana ganinta.

Malam Abu kaima kana da gaskiya ta wani gefen, da na sa tsohuwar takardar gefen rubutun ya ɗan baje, sabon rim kuma ras. Saura wajen rabin rim na tsohuwar, in na shanya ta a rana zata gyaru ko dai in bar wa yara suyi ta zane?

AbuMaiFotokofi:
Kar ki sa a rana zata lanƙwashe ta riƙa maƙalewa, mu dawo gidan jiya. Ki ɗora ta saman wadirof kwana biyu, in bata yi ba ki ba yara.