"Tuba" ko sauya hanya? Muhawarar da ta tashi kan maganar wani ɗan Zuru

Ɗan Dabai: Jama'a, abin nan ya ci mini rai. Jiya a wajen biki a Zuru kawuna ya nuna ni da sanda a gaban mutane, ya ce, "Ga wanda ya ɓata, bai san ko shi wane ne ba." Laifina ɗaya, na tuba na shiga cocin UMCA ina ɗan shekara 17. Ni kuwa a lokacin na fara sanin kaina. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Starbuck, tun 1899 ya gano cewa yawancin Kiristocin da ya bincika a shekarun samartaka suka ba da ransu ga Almasihu. Lokacin ne yaro ke tambayar kansa, ni wane ne?

Malam Na Yauri: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, amma "tuba" ba a nan ake sa ta ba. Tubabbe a Hausa wanda ya musulunta ne.

Maman Biyu: Malam, wa ya ba ku kalmar ku kaɗai? Mu ma a Littafi Mai Tsarki na Hausa "ku tuba" muke karantawa tun muna yara.

Jikan Lelna: Ku duka kun bar gini kuna ta yaɓe. Tuba daga me? Kakanmu da ya yi golmo shekara da shekaru a gonar surukai kafin a ba shi mata, wane zunubi ya yi? Cin fuska ne.

Maman Biyu: To kai ba ka zuwa coci ranar Lahadi? Uhola kuma, bikin gargajiyar nan na girbi a Zuru, kai ne a gaba da rawa.

Jikan Lelna: Anti, Uhola al'ada ce, kada ki haɗa ta da wannan.

Malam Na Yauri: Asalin kalmar ma Larabci ne, tauba.

Ɗan Dabai: Don Allah maganar kawuna fa? Har yanzu ban iya gaishe shi ba.

Mai kula da zaure: A rufe haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda kalmar ta kowa ce, kamar yadda Maman Biyu ta bayyana da hujja.

Malam Na Yauri: Ni ban yarda ba, a rubuta.