Neman shawara: wane irin maratayi zan sa wa bindigar farauta?

Ɗan Sandamu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, don Allah shawara nike nema. Ina da bindiga mai baki ɗaya ta harsashi, da takardunta komi lafiya lau, amma abin ratayar da ke jikinta igiyar nailan ce irin wadda ake ɗaure kaya a bayan mashin, in na yi tafiya mai nisa da ita sai ta ci mani kafaɗa kamar an yanka, ga zamewa, hannu ɗaya kullum yana kan gyara ta. To ga shi an kusa gama kwashe amfanin gona za mu fara fita zabbi da zomaye. Na duba a waya na ga iri iri, wani wuri ɗaya ake maƙala shi, wani biyu, har da mai uku. Wanne ya dace da ni, na fata ko na nailan? Kuma wai da gaske ne maratayi na taimakawa wajen saiti ko labari ne?

Baba na Zango:
Wa alaikumussalam yaro. Ka je wurin baduku ya yanko maka fatar sa mai kauri wadda ta jemu sosai, kar ka yarda da ta akuya ko tunkiya, miƙewa take yi. Faɗin yatsu uku a inda zai hau kafaɗa, ya ɗan tsuke a bakunan. Ka ce ya bar gefen mai kaushi ta ciki, shi ke kama riga ba ya zamewa. Abu na biyu fata ba ta ƙara, waɗannan na kanti masu ƙarafa ƙyal ƙyal tun kana nesa zabo ya ji ka ya tashi. Sai dai hunturu na busar da ita, ka riƙa shafa mata man kaɗe kaɗan kaɗan, banda man gyaɗa in ba so kake ɓeraye su yi buki da ita a ɗaka ba.

Oga Mai Ritaya:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗan ƙara a kan ire-iren nan da ka gani. Mai maƙali ɗaya an yi shi ne don gajerun bindigogi na jami'an tsaro masu shiga mota da fita, bindigar na reto ne a ƙirji, kai kuwa taka doguwa ce mai nauyin wajen kilo 3, da ka sake ta za ta riƙa bugun gwiwarka bakinta na shara ƙasa. Mai uku kuma igiya ta yi yawa, ga shi dajinmu duk ƙaya ce da sarƙaƙiya, ko masu kakin ma da yawa sun bar shi. Mai biyu shi ne naka, ɗaya a gindi ɗaya a gaba, shikenan.

Maganar saiti kuma ba labari ba ne. Sojan Amurka na da wani na fata samfurin 1907 wanda ake zarga shi a dantse a ɗaure tam, har yau masu gasar harbi na aiki da shi. Mai sauƙin shi ne ka zura hannun hagu tsakanin bindiga da maratayin har ya wuce gwiwar hannu, ka naɗo tsintsiyar hannu sau ɗaya ka kama gaba, za ka ji ya ɗame rawar hannu ta ragu. Amma fa wannan na abin da ke tsaye ne kuma da nisa. Zabon da ya tashi fir ko zomon da ya zabura ba zai jira ka gama naɗe naɗe ba, kuma bindigarka watsa ƙwayoyi take, bin shi ake da baki ana harbi. Don haka kai dai ka nemi wanda zai ɗaukar maka nauyi kuma ya fita daga kafaɗa da sauri.

Auta Mai Mashin:
Ni dai da izinin su Baba ban yarda sai fata ba lol. Bel ɗin kujerar mota nike amfani da shi, wurin masu tsoffin kayan mota na samo, faɗinshi ya kusa inci 2, ruwa ba ya mashi komi gumi ba ya sa shi wari kuma ba ya tsinkewa. Aibinshi ɗaya santsi, sai na kai wa shumeka ya ɗinka mani guntuwar fata daidai kafaɗa ya sa ƙarfen ƙara tsawo irin na jakar makaranta.

Baba na Zango:
To ai ka dawo wurin fatar dai Auta.

Maƙerin Unguwa:
Duk kuna ta maganar igiya, ni abin da ake kawo mani gyara ba igiyar ce ke tsinkewa ba, mahaɗin ne ke ficewa bindiga ta faɗi, in da harsashi ciki kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Kar ka kuskura wani ya huda maka bututun ko ya yi masa walda, na irin taka siriri ne zafi na ɓata shi. Zobe ake sawa mai ɗamewa da noti, a sa 'yar fata a ƙarƙashi don kar ya ci ƙarfen. Na gindi kuma sukuru mai zobe, a fara huda icen da ƙaramin abu sannan a murza shi, masu buga ƙusa su ke tsaga ƙota. Kuma ka auna faɗin zoben kafin ka je wurin baduku, na kanti galibi inci 1 ne ko inci 1 da kwata, kar a yanko maka abin da ba zai shiga ba.

Ɗan Sandamu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To wajen ratayawa fa, baki sama ko ƙasa? Na ga kowa da yadda yake yi.

Oga Mai Ritaya:
In kuna tafe a jere da mutane da karnuka baki sama, a kafaɗar dama, hannunka riƙe da maratayin. Baki ƙasa a kafaɗar hagu ya fi saurin ɗagowa kuma ruwa ba ya shiga, amma da ka tsuguna ko ka yi tuntuɓe bakin ya cusa yashi, ka harba a haka bututu na iya fashewa a hannunka. Ko wanne ka zaɓa kar ka rataya ta kunama a ɗane.

Ɗan Bindigar Gani:
Mu masu ta toka baki sama ne ba tantama, ko a hawan Gani nan Daura cikin cunkoson nan ba mai juya baki wajen jama'a, kuma ta toka in ka kifa ta ɗurin na iya motsawa.

Malam na Ƙofar Marusa:
Ƙanena kar ka manta halin da jiharmu ke ciki. Ka guji maratayi mai launin kakin soja ko irin baƙaƙen nan masu ƙugiyoyi, daga nesa ba wanda zai tsaya tantance maharbi ne ko wani ne, balle a kan mashin da magariba. In za ka hau mashin ka cire harsashi ka karya ta ka sa a buhu ko jaka, sai ka isa daji ka rataya. Takarda kuma ta zama a aljihu ba a gida ba, a dokar bindigogi ta 1959 ta toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta, irin taka ta harsashi kuwa hurumin Sufeto Janar ne, ka duba sunanka ne a jiki kuma ba ta ƙare ba. Kuma ka sanar da sarkin bakan garinku kafin ku fita.

Baba na Zango:
Ranar awo ka je da rigar sanyin da za ka riƙa sawa, ba 'yar shara ba, in ba haka ba zai matse ka cikin hunturu. Bindigar ka bar ta gida, ka auna da zare daga zobe zuwa zobe tana rataye gindinta daidai ƙugunka, ka kai wa badukun zaren ka ce ya ƙara taƙi ɗaya ya huda ramuka biyar.