Jinyar wanda ciwonsa ba ya jin magani: shawarwarin da aka bayar

A zaman da muka yi da ma'aikatan jinya da wasu da suka yi jinyar iyayensu, maganar zafin ciwo ce ta ci rabin lokacin. Sun ce idan likita ya rubuta mofin na ruwa, wato magani mai ƙarfi na rage zafin ciwo, a ba da shi kan ƙa'ida, galibi duk awa huɗu, kada a jira sai majinyaci ya fara nishi. Mofin yana sa taurin bayan gida, don haka a nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko. Tsoron cewa zai kamu da jarabarsa ya sa gidaje da yawa barin masu ciwon daji cikin azaba, wannan kuwa ya taɓa ni ƙwarai. An kawo misalin Yuganda, inda tun 2004 aka ba ma'aikatan jinya masu horo izinin rubuta mofin, don mutanen karkara su samu.

A riƙa juya majinyaci duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. In ya ƙi abinci, kada a yi masa ɗure. A jiƙa masa leɓe da ruwa. A suturta shi lokacin wanka, a kuma rage masu zuwa dubiya in ya gaji.

An yi saɓani kan faɗa masa gaskiya. Ni ina tare da waɗanda suka ce in ya tambaya a faɗa masa a hankali, domin ya samu damar yin wasiyya, biyan bashi da neman gafarar 'yan'uwa. Mai jinya ita ma a karɓe ta ta samu barci.