Me za mu kira "deadly force" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Duk sanda aka zo labarin 'yan sanda sun kashe mutum, sai ka ji masu fassara suna kewaye-kewaye da abin da Turawa ke kira "deadly force". A wurin lauyoyinsu, shi ne ƙarfin da zai iya kashe mutum ko ya yi masa mummunan rauni, ko da daga baya ya tsira.

An fi jin "ƙarfi fiye da kima" a rediyo. To wannan ai an riga an yanke wa ɗan sandan hukunci, alhali akwai inda doka ta yarje masa. Haka ma "kisan gilla". "Ƙarfin tuwo" kuwa ya yi sauƙi, da shi ake ɓalle ƙofa.

Na daɗe ina son "harbin kisa", sai na tuna George Floyd. Ranar da aka kashe shi, 25 ga Mayu 2020, a birnin Minneapolis na Amurka ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Gwiwa ɗan sanda Derek Chauvin ya danna masa a wuya sama da minti 9, hannuwansa a baya cikin ankwa, fuskarsa a kan kwalta, yana ta cewa ba ya iya numfashi. Ashe ba sai da bindiga ba.

Ni dai na tsaya a kan "ƙarfin ɗaukar rai", don ina son kalmar rai ta fito fili. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da su a Havana a 1990 sun ce kada a yi harbi da niyyar kisa sai in babu makawa, don kare rai. Ku tuna Edward Garner, ɗan shekara 15, da ɗan sanda ya harbe a kai a birnin Memphis na Amurka a 1974 yana haura shinge, ba makami, dala 10 da jakar sata ne kawai a jikinsa. A kansa Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1985 gudu kaɗai bai halatta harbin mutum ba, sai in yana barazana ga rayuwar wani ko lafiyarsa.

Na san wani zai ce ɗaukar rai na Allah ne, bai dace a jingina shi ga ɗan'adam ba. Wallahi wannan nauyin nake so mai karatu ya ji.

Ku gwada a baki: "'Yan sanda sun yi amfani da ƙarfin ɗaukar rai kan wanda ba shi da makami." Ya zauna, ko da gyara? Malaman Hausa, ina saurarenku.